Taskar Sinadaran Toshe Kinez: Yadda Ake Aiki da Ita a Binciken Magani da Inda Take Yaudara

Idan ɗakin bincike ya yi odar taskar sinadaran toshe kinez, abin da ke isowa a ido bai taka kara ya karya ba. Farantan roba ne 'yan kaɗan a cikin busasshiyar ƙanƙara, kowanne da gurabe 96 ko 384, sai fayil ɗaya na kwamfuta. A kowane gurbi akwai ɗigon sinadari guda da aka narkar a DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, galibi a awon milimola 10. Fayil ɗin shi ke faɗin wane sinadari ne a wane gurbi, yaya siffarsa take, da sunan kinez ɗin da aka ce yana toshewa. Wannan suna shi ya ba taskar daraja, kuma a kansa aka fi yin tuntuɓe. Abin da aka rubuta a gaban sinadari shi ne kinez ɗin da maƙerinsa ya nufa a lokacin da ya haɗa shi. Abin da sinadarin zai kama idan ya shiga ƙwayar sel mai rai wata magana ce daban, kuma yawancin aikin da ke gaban mai bincike na cike wannan tazara ne.

Kinez enzayim ne da ke ciro fosfet ɗin ƙarshe daga jikin ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin sel, ya liƙa wa wani furotin. Wannan ɗan liƙi yana sauya siffar furotin ɗin, ya kunna shi ko ya kashe shi, kuma ta haka sel ke isar da umarnin girma, rabuwa, kumburi ko mutuwa. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka fito da wannan tsari fili a shekarun 1950, suka karɓi kyautar Nobel a kansa a 1992. Ƙidayar da aka yi a 2002 ta nuna ɗan Adam na da kinez masu aiki kan furotin guda 518, kusan 90 daga ciki suna liƙa fosfet ne a kan tayirosin, mafi yawan sauran kuma a kan serin da tiriyonin, dukansu amino asid ne, wato tubalan da ake gina furotin da su. Idan ɗaya ya maƙale a kunne, cuta ta samu. BCR-ABL da ke haddasa wani nau'in sankarar jini shi ne misalin da kowa ya sani, kuma imatinib da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2001 ya tabbatar da cewa ana iya kashe kinez guda da ƙwayar magani ta haɗiya. Daga lokacin zuwa yanzu hukumar ta amince da irin waɗannan magunguna sama da 80, akasarinsu na cutar kansa, wasu na cututtukan kumburi kamar tofacitinib da ya fito a 2012 don amosanin gaɓɓai.

Matsalar ita ce duk kinez ɗin nan ATP ɗaya suke amfani da shi, saboda haka aljihun da ATP ke zama ya yi kama sosai daga wannan zuwa wancan. Kamar kwaɗo ne sama da 500 da aka fafe raminsu kusan iri ɗaya: mabuɗin da aka yanka don ɗaya ba wuya ya buɗe wasu ashirin. Staurosporine, wanda aka samo daga wata ƙwayar bakteriya ta ƙasa a Japan a 1977, duka yake yi kan mai uwa da wabi, yana kama mafi yawan kinez da ƙarfin gaske. Shi ya sa bai zama magani ba, amma kusan kowane farantin gwaji yana ɗauke da shi a matsayin ma'auni.

Sinadaran da ke taska ba hanya ɗaya suke bi ba, kuma sanin hanyar kowanne yana shafar yadda za a tsara gwaji. Mafi yawansu suna zama ne a aljihun ATP yayin da kinez ke siffar aiki, suna riƙe gaɓar da ta haɗa ɓangarori biyu na enzayim ɗin. Wasu, irin su imatinib da sorafenib, suna jira sai wani ɗan yanki mai amino asid uku da ake kira DFG ya juya waje, su kutsa cikin ƙarin aljihun da ya buɗe. Wasu ba sa takara da ATP sam: trametinib yana zama a gefen aljihun MEK, asciminib kuma can nesa a wani aljihu na ABL. Sai masu ɗaurin dindindin kamar ibrutinib da osimertinib, waɗanda ke manne wa wani amino asid mai suna sistin a bakin aljihu, C481 a BTK da C797 a EGFR, ba sa saki.

Wace taska, don wace tambaya

Taskar da aka fi saya daga kamfanonin sinadarai ta ƙunshi magungunan da aka riga aka amince da su, da waɗanda suka shiga gwajin asibiti, da sanannun sinadaran bincike, daga ɗaruruwa zuwa dubu ɗaya ko biyu. Tana da amfani ga mai neman sabon aiki ga tsohon magani, amma ta karkata ƙwarai. Za a tarar da gomman masu toshe EGFR, VEGFR, PI3K da CDK, alhali kinez da yawa babu ko ɗaya da aka yi dominsu. Shirin da cibiyar NIH ta Amurka ta kafa don haska sassan da aka yi watsi da su ya lissafa kinez sama da 160 da kusan ba a san aikinsu ba. Idan amsar tambayar mai bincike tana cikin waɗannan, taskar kasuwa za ta yi shiru, ko ta nuna masa wani kinez na daban da sunan amsa.

Akwai kuma taskokin da aka gina musamman don gano wane kinez ne ke bayan wani al'amari. Kamfanin GSK ya saki PKIS mai sinadarai 367 ga masu bincike, aka auna ta a kan kinez 224 aka wallafa sakamakon a 2016, sannan PKIS2 mai 645 ta biyo baya. Daga nan ƙungiyar SGC reshen Jami'ar Arewacin Karolina ta tace KCGS, sinadarai 187 da suka rufe kinez 215. Sharaɗin shiga shi ne sinadari ya kama kinez ɗinsa a ƙasa da nanomola 100, kuma a awon maikuromola 1 kada ya toshe fiye da kusan 10 cikin kimanin 400 da aka gwada. Ƙarfin irin wannan taska yana cikin jadawalin da ke rakiyarta, wanda ke nuna abin da kowane sinadari ya kama da abin da bai kama ba.

Nau'i na uku tarin dubban sinadarai ne da aka ƙera a kan ƙasusuwan sinadari, wato ginshiƙan siffa, da aka san suna riƙe gaɓar kinez, irin su firimidin, kwinazolin da indazol, ba tare da an san wanda kowannensu ke kamawa ba. Wannan na mai kinez guda ne a hannu da ke neman mafarin da masana haɗa magani za su gina a kai.

Kafin a taɓa kinez, a kula da faranti

Gwaje-gwaje da yawa a firiza suke lalacewa. DMSO yana zuƙar ruwa daga iska, kuma yawancin masu toshe kinez ba sa narkewa da kyau a ruwa, don haka da zarar ruwa ya shiga sai su fara kwantawa a gindin gurbi. Fayil na cewa milimola 10, abin da ke narke a zahiri bai kai rabi ba. Daskarewa da narkewa akai-akai na ƙara tsananta wannan. Abin da ya dace shi ne a ranar da taska ta iso a raba ta zuwa ƙananan farantai na amfani sau ɗaya ko biyu, a rufe da takardar alminiyom mai manne, a ajiye a digiri 20 ko 80 ƙasa da sifili, a bar uwar farantin ba a taɓa ta. In za a yi aiki, a bar faranti ya kai ɗumin ɗaki kafin a ɓare murfinsa, domin faranti mai sanyi raɓa yake tarawa, sannan a juya shi a injin wulwulawa na minti ɗaya don ɗigon da ya maƙale a murfi ya sauko. DMSO tsantsa yana daskarewa a kusan digiri 18, saboda haka wanda ya sha ruwa yakan ƙi daskarewa a inda ya kamata. Injin da ke harba ɗigo da sautin da kunne ba ya ji, irin Echo mai ɗigon nanolita 2.5, yana iya auna yawan ruwan da ke kowane gurbi, kuma bai kamata a tsallake wannan awon ba.

Lissafin tsarma abu ne mai sauƙi. A gurbi mai maikurolita 50, nanolita 50 na sinadarin milimola 10 yana ba da maikuromola 10 da DMSO kashi 0.1 cikin ɗari, nanolita 5 kuma maikuromola 1. Yawancin sel suna jure DMSO daga 0.1 zuwa 0.5 cikin ɗari, enzayim tsantsa yakan jure har kashi 1, amma sai an gwada a tabbatar. Abu mafi muhimmanci, kowane gurbi har da na ma'auni ya sami DMSO daidai wa daida.

Gwaji a kan enzayim tsantsa, da maganar ATP

Ana haɗa kinez da aka tsarkake, da guntun furotin da zai karɓi fosfet, da ATP, da magniziyam, a bar su na ɗan lokaci, a auna abin da ya faru. Tsohuwar hanya mai amfani da ATP mai ɗauke da fosfaras 33 har yau ita ce ta fi kai tsaye, domin fosfet ɗin da ya koma kan furotin ake ƙirgawa. ADP-Glo yana auna ADP ɗin da ya samu ta hanyar haske. Akwai hanyoyin ƙyalli irin su HTRF da LanthaScreen, akwai kuma KINOMEscan wanda ba ya auna aikin enzayim sam, riƙo kawai yake aunawa.

Kafin a zuba taska ana daidaita abubuwa uku. A zaɓi yawan enzayim da tsawon lokaci yadda abin da aka sarrafa ba zai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, domin in an bar enzayim ya cinye kayan aikinsa, sinadari mai matsakaicin ƙarfi zai ɓace. A gwada faranti guda rabinsa DMSO rabinsa staurosporine a lissafa Z′, ma'aunin da aka fito da shi a 1999: a haɗa warwatsuwar ɓangarorin biyu, a ninka sau uku, a raba da tazarar matsakaitansu, a cire daga 1. Abin da bai kai 0.5 ba bai isa a dogara da gurbi ɗaya ba. Na uku shi ne yawan ATP, kuma a nan ya kamata a tsaya.

Sinadarin da ke takara da ATP, ƙarfinsa a gwaji ya dogara ga yawan ATP ɗin da aka zuba. Ƙa'idar Cheng da Prusoff ta 1973 ta ce IC50, wato awon da ke rage aikin enzayim da rabi, daidai yake da Ki a ninka da 1 haɗe da ATP bisa Km. Ki shi ne ainihin ƙarfin riƙon sinadarin, Km kuma awon ATP da enzayim ke buƙata don ya yi rabin gudunsa. A ɗauki sinadari mai Ki na nanomola 10 a kan kinez biyu. Na farko Km ɗinsa maikuromola 10 ne, na biyu 200. Idan an gwada kowannensu a ATP daidai da Km ɗinsa, kamar yadda aka saba, dukansu za su ba da nanomola 20, a ce sinadarin ƙarfinsa ɗaya a kan su biyun. Amma a cikin sel ATP yana kai milimola 1 zuwa sama. A milimola 1, kinez na farko yana buƙatar nanomola 1,010, na biyu kuma 60 kacal. Sinadarin da ya yi kunnen doki a faranti ya fi kama na biyu kusan sau 17 a cikin sel. Idan na farko ne aka rubuta a fayil, duk abin da aka gani a sel a nanomola 100 za a jingina shi ga kinez ɗin da ko taɓa shi ba a yi sosai ba. Saboda haka duk sinadarin da ya tsallake zagayen farko a sake auna shi a ATP mai yawa. Wanda IC50 ɗinsa bai motsa ba, mai yiwuwa ba a aljihun ATP yake zama ba, kuma irinsa ya cancanci a duba shi da kyau.

Siffar enzayim ɗin ma tana da tasiri. Imatinib ya fi kama ABL ɗin da ba a kunna ba, don haka gwajin da aka yi da enzayim da aka riga aka cika da fosfet zai rage masa daraja. Masu jiran DFG ya juya da masu ɗaurin dindindin suna kamawa a hankali, sai an bar su da enzayim minti 30 zuwa 60 kafin a zuba ATP. Ga masu ɗaurin dindindin IC50 yana ci gaba da sauka muddin ana ƙara lokaci, shi ya sa lamba ɗaya ba tare da faɗin lokaci ba ba ta da ma'ana, kuma DTT da ake zubawa don kare enzayim yana iya cinye su tun kafin su isa sistin ɗin da suka nufa. Akwai kuma iyakar ƙasa: IC50 ba zai sauka ƙasa da rabin awon enzayim mai aiki ba. In an zuba nanomola 10 na kinez, duk sinadarai masu tsananin ƙarfi za su taru a kusan nanomola 5, ba a iya bambanta su.

Sakamakon ƙarya

ADP-Glo da CellTiter-Glo, gwajin da ke auna ATP ɗin sel masu rai, duk suna dogara ga lusiferez, enzayim ɗin ƙwaron nan mai haske da dare, wanda shi ma ATP yake ci. Sinadarin da aka ƙera don aljihun ATP yana iya toshe lusiferez ɗin kansa, haske ya ragu, a ɗauka kinez aka kashe. Maganin abin shi ne a maimaita gwajin ba tare da kinez ba, da haɗin ATP da ADP da aka auna da hannu. Duk wanda ya rage haske a nan a ajiye shi gefe. Sinadarai masu launi ko masu ƙyalli da kansu suna yi wa hanyoyin ƙyalli irin wannan ɓarna, kuma kwinazolin da danginsa da yawa suna ƙyalli.

Wasu kuma curewa suke yi a ruwa su zama ƙananan dunƙulalli da ke tsotse enzayim a jikinsu. Ɗakin binciken Brian Shoichet ya nuna a 2003 cewa sanannun masu toshe kinez irin su rottlerin da quercetin suna yin haka a awon maikuromola. Alamarsu ita ce layin awo, wato zanen tasirin sinadari a awo daban-daban, mai miƙewa tsaye fiye da kima, da toshe enzayim ɗin da ba shi da alaƙa da kinez, da ɓacewar ƙarfi idan an ƙara Triton X-100 kashi 0.01 cikin ɗari. Gara a sa wannan ɗan sabulun tun farko.

Zagayen farko yawanci awo ɗaya ne, sau biyu. Waɗanda suka tsallake sai a yi musu awo 10, ana raba uku kowane mataki daga maikuromola 10, abin da ke sauka har kusan rabin nanomola. Bayan nan a sayi garin sinadarin sabo, a duba nauyinsa da tsarkinsa da na'urar LC-MS, a maimaita. Ba sabon abu ba ne a tarar abin da ke gurbi ya ruɓe, ko ba shi ne aka rubuta ba.

A cikin sel

Nan ne taskar kinez ta fi nuna amfaninta, domin ana iya fara bincike ba tare da an san kinez ɗin da ake nema ba: a zuba sinadarai a kan sel na kansa, ko sel masu kumburi, ko ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, a ga wanda ya canza abin da ake so ya canza. A faranti mai gurabe 384 akan shuka sel daga ɗaruruwa zuwa dubu biyu a gurbi, a bar su su kwana, a zuba sinadari, a karanta bayan awa 72. Gurabun gefe suna ƙafewa a inkubeta, sinadari da gishiri su yi kauri, don haka da yawa sukan cika layin waje da ruwan kiwon sel kawai su yi aiki da gurabe 308 na ciki. Gurabun ma'auni a warwatsa su cikin faranti, kada a jera su duka a gefe ɗaya.

Awon da za a zaɓa shi ne babban hukunci. A maikuromola 10 kusan kowane mai toshe kinez yana kama gomman kinez, kuma taskar za ta ba da dogon jerin sinadarai masu kashe sel wanda ba ya koyar da komai. A ganinmu maikuromola 1 shi ne rufin da ya dace ga taska mai jadawali, kuma in akwai hali a ƙara nanomola 100 a gefe.

Abin da ake aunawa ma yana ruɗi. Palbociclib da sauran masu toshe CDK4/6 suna hana sel rabuwa amma sel ɗin na ci gaba da ƙiba, ATP ɗinsa na ƙaruwa, sai gwajin da ke auna ATP ya nuna kamar maganin bai yi aiki ba. Ƙirga cibiyoyin sel da na'urar hoto ya fi gaskiya a nan. Haka kuma sel mai saurin rabuwa yakan bayyana kamar ya fi jin magani fiye da mai jinkiri, alhali bambancin na yawan rabuwa ne cikin awa 72. A auna yawan sel a ranar da aka zuba sinadari don a iya gyara lissafin.

Daga sinadari zuwa kinez

A ce sinadarai 12 sun yi tasiri, 5 daga ciki an rubuta musu kinez ɗaya. Abu na farko da za a duba shi ne ko biyar ɗin ƙashinsu ɗaya. In 'yan gida ɗaya ne, shaida ɗaya ce aka maimaita sau biyar, domin duk abin da ɗaya ya kama a ɓoye sauran ma za su kama. Sinadarai biyu ko uku masu siffa mabambanta da suka haɗu a kan kinez guda sun fi goma masu kama da juna. Abu na biyu, wanda aka fi mantawa, shi ne waɗanda ba su yi komai ba. Idan taskar na da wasu masu toshe wannan kinez da ƙarfi, an san suna shiga sel, amma ba su motsa komai ba, to zargin ya raunana ƙwarai. Abu na uku, jerin ƙarfinsu a sel ya bi jerin ƙarfinsu a kan enzayim. Akwai hanyoyin lissafi da ke haɗa jadawalin taska da sakamakon sel su fitar da kinez ɗin da ya fi dacewa da duka, amma ba su fi jadawalin da aka ba su inganci ba.

Jadawalin kuwa yana da iyaka. A 2017 ɗakin binciken Bernhard Küster a Jamus ya auna magungunan kinez 243 da suka shiga asibiti a cikin ruwan sel da aka fasa, ya tarar da yawansu suna kama abubuwan da ba a taɓa rubuta musu ba. Wasu ma ba kinez ba ne. Imatinib yana kama NQO2, vemurafenib yana toshe enzayim ɗin ƙarshe na haɗa sinadarin him na jini, BI-2536 da aka sani da PLK1 yana kama BRD4. Tivantinib ya kai gwajin asibiti mataki na uku a matsayin mai toshe MET, alhali an nuna a 2013 cewa tubulin, furotin da sel ke buƙata wajen rabuwa, yake rushewa wajen kashe sel, kuma gwajinsa a kansar hanta bai yi nasara ba. Labarin MELK ya fi ɗaukar hankali. An daɗe ana ɗaukarsa kinez ɗin da cutar kansa ba ta rayuwa sai da shi, har OTS167 mai toshe shi ya shiga gwaji a kan mutane. A 2017 ɗakin binciken Jason Sheltzer ya goge MELK da CRISPR, fasahar yanke ƙwayar gado, sel suka ci gaba da girma lafiya lau, kuma OTS167 ya ci gaba da kashe su da ƙarfinsa na da. A 2019 suka nuna OTS964, da ake jingina wa PBK, ta hanyar CDK11 yake kisa. Yadda suka gano shi ne suka reni sel a cikin sinadarin har wasu suka jure, suka karanta ƙwayoyin gadonsu, suka sami sauyin a CDK11.

Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da ake da ita: a sauya amino asid ɗaya a aljihun kinez ɗin da ake zargi yadda sinadari ba zai iya zama ba amma enzayim na aiki, a ga ko sel sun daina jin maganin. Wurin da aka fi sauyawa shi ne mai gadin ƙofar aljihu, wanda cutar kansa da kanta take sauyawa a jikin marasa lafiya, T315I a ABL da T790M a EGFR. Kafin a kai nan akwai matakai masu sauƙi. NanoBRET da CETSA suna nuna ko sinadarin ya kama kinez ɗin a cikin sel mai rai, kuma a wane awo. Sai a duba ko fosfet ya ragu a kan furotin ɗin da ke ƙarƙashinsa. A kula a nan: masu toshe AKT ta aljihun ATP suna ƙara fosfet a jikin AKT ɗin kansa, don haka PRAS40 ko GSK3 ake dubawa. In akwai ɗan uwan sinadarin da aka lalata wa wurin riƙe gaɓa, a gwada shi a gefe. Bai kamata ya yi komai ba.

Goge ƙwayar gado da toshe enzayim ba lallai su ba da amsa ɗaya ba, kuma saɓaninsu ba koyaushe kuskure ba ne. Kinez da yawa suna da aikin riƙe wasu furotin wanda ba ya buƙatar ATP. Ɓerayen da aka goge musu RIPK1 suna mutuwa jim kaɗan bayan haihuwa, waɗanda aka bar musu furotin ɗin amma aka kashe aikinsa na kinez suna rayuwa. Wani lokaci ma mai toshewa kunnawa yake yi. A sel masu sauyin RAS amma BRAF ɗinsu lafiyayye, vemurafenib mai toshe BRAF yana ƙara kunna hanyar ERK, abin da ya bayyana ƙurajen kansar fata da aka gani a jikin wasu masu shansa. A faranti wannan yana fitowa a matsayin layin awo mai hawa sannan ya sauka, kuma manhajar da ke zana layi kai tsaye za ta yi watsi da shi ko ta ba shi lambar banza. Sai an duba da ido.

Kama kinez fiye da ɗaya ba aibi ba ne a kullum. Kama KIT da imatinib ke yi ya sa aka amince da shi ga wata kansar hanji da ciki a 2002. Crizotinib don MET aka fara ƙera shi, aka gano haɗewar EML4 da ALK a kansar huhu a 2007, ya fito a 2011 a matsayin maganin ALK. Amma faɗin kamu yana da farashi: an dakatar da sayar da ponatinib na ɗan lokaci a Amurka a ƙarshen 2013 saboda toshewar jijiyoyin jini, ya dawo da ƙarin sharuɗɗa.

Mai neman sabon aiki ga tsohon magani yana da lissafi ɗaya da zai yi kafin ya yi murna. Yawancin magungunan kinez sama da kashi 90 cikin ɗari nasu a manne yake da furotin na jini, kuma abin da ke sake ne kaɗai ke aiki. A ruwan kiwon sel yawanci kashi 10 cikin ɗari ne kawai ruwan jinin ɗan maraƙi, saboda haka sinadari ya fi sakewa a faranti fiye da a jiki. UCN-01, ɗan gidan staurosporine, ya yi kyau a sel da dabbobi, da ya shiga jikin mutum sai wani furotin na jini da ake kira AGP ya riƙe shi gam fiye da yadda na dabbobin ya yi. Don haka a nemo iyakar awon da maganin ke kaiwa a jinin mutum a adadin da ake sha, a ninka da kason da ke sake, a kwatanta da awon da ya yi tasiri a faranti bayan an gyara shi ma don furotin ɗin da ke ruwan kiwo. Maganin da ya yi aiki a maikuromola 5 alhali abin da ke sake a jini nanomola 50 ne ba zai yi wannan aikin a jikin marar lafiya ba. Abin da ya rage masa shi ne ya zama mafari: a gano kinez ɗin da ya kama a wannan awon, a samo hoton yadda ya zauna a aljihunsa, a miƙa wa masana haɗa magani su ƙara masa ƙarfi a kan sabon kinez su rage masa a kan tsohon.